Mai Falle Dubu, Kayan Zaƙin Mutanen Faris

 Yau ba miya za mu kaɗa ba, ba kuma ɗinki za mu koya ba. Tafiya za mu yi zuwa ƙasar Faransa, mu ga wani irin kayan zaƙi da mutanen can suke ji da shi ƙwarai, mu bi sawun kayan haɗinsa har garuruwan da suke fitowa, kana mu duba ko zai yiwu a ɗakin girkinmu.

Da Faransanci ana rubuta sunansa mille-feuille, a baki kuwa kamar a ce "milfoi". Ma'anarsa ganye dubu, ko kuma falle dubu, gama kalmar da suke kiran ganyen itace da ita, da ita suke kiran fallen takarda. Ni dai "mai falle dubu" zan riƙa ce masa. Ga siffarsa: hawa uku ne na gasasshen kwaɓin fulawa, kowane hawa bai kai kaurin ɗan yatsa ba, a tsakaninsu kuma hawa biyu na kirim mai kauri wanda aka dama da madara da gwaiduwar ƙwai. Yanka ɗaya bai kai tsawon tafin hannu ba. In kika sa haƙori sai ki ji garas, ya farfashe ya zama ɓawo-ɓawo siriri kamar busasshen ɓawon albasa, sa'an nan sanyin kirim ya biyo baya. Wadda ta taɓa cin baƙalawa a tsarabar alhazai za ta ce ai ta san shi. 'Yan'uwa ne na nesa, amma ita baƙalawa kowane falle dabam ake murza shi a jera, shi kuwa wannan daga dunƙule guda duk fallayen suke fitowa, kuma a nan ne gwanintar take.

Birnin Faris a watan Yuni abin kallo ne. Mu a nan damina ta sauka ana ta noman farko, su kuwa a lokacin ne sanyinsu ya kau, bazararsu ta shigo. Yini yakan yi tsawo har awa 16, ƙarfe tara na dare ki ga gari da haske garau kamar la'asar sakaliya, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura. Mutane duk sun fito waje, an jera kujeru a bakin hanya, kowa na neman ya sha rana kafin ta sake ɓuya masa.

A tsakiyar gari akwai wani titi mai suna Montorgueil, kusa da inda babbar kasuwar abinci ta birnin take a da. An tashi kasuwar a 1969 aka mai da ita Rungis, bayan gari ta kudu, amma titin nan bai saki halinsa ba. Ƙafa ta fi mota yawa a cikinsa. Ga mai kifi ya shimfiɗa kifinsa bisa ƙanƙara, ga mai cuku da warin da ke tare ki tun daga nesa, ga mai furanni, ga mai burodi irin dogon nan da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sani sarai. A lamba 51 akwai kantin Stohrer, wanda ya fi kowane kantin kayan zaƙi daɗewa a Faris. An buɗe shi a 1730. Mai shi na farko, Nicolas Stohrer, ya shigo ne cikin 'yan rakiyar 'yar sarkin Folan da aka kawo ta amarya ga Sarki Louis na 15 a 1725, watau kamar yadda ake haɗa amarya da mai yi mata tuwo. Bayan shekara biyar ya bar fada ya buɗe nasa. Har yanzu ana ciniki a wurin.

Tagar irin waɗannan kantuna ita ce abin tsayawa a kalla. Gilashi ne babba, a bayansa an jera kaya sahu-sahu, tsaf, kamar jeren amarya ranar buɗar kai. Ba a ɗora wani kan wani, ba wanda ya karkace. A can sana'ar kayan zaƙi sana'a ce mai zaman kanta. Yaro ko yarinya sai sun yi shekara biyu suna koyo a hannun gwani, suna kuma zuwa makaranta, su ci jarrabawa, kafin a ba su takardar shaida. Ranar Lahadi da hantsi ake cika a bakin kantunan, don a ranar iyali suke haɗuwa cin abincin rana gidan kaka ko gidan uwa, kuma baƙo ba ya zuwa hannu sake. Mai kanti ta sa kayan a kwalin takarda, ta ɗaure da zare mai kyau ta bar masa hanci a sama. Sai ki ga dattijo da kwat yana tafe sannu-sannu, ya rataya kwali a yatsa ɗaya, yana kaffa-kaffa da shi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Abin ya daɗe a hannunsu. Wani littafin kayan gashi da aka buga a Faris a 1653 ya riga ya bayyana yadda ake ninka kwaɓi da bota a ciki. Shahararren kukun nan nasu Carême, wanda ya yi wa sarakuna girki ya rasu a 1833, ya ƙara gyara hanyar. Ana kuma ba da labarin cewa wani mai kanti a titin Bac, Adolphe Seugnot, shi ya sa mai falle dubu ya yi suna a birnin daga 1867. Na asali ba shi da 'ya'yan itace. Kirim ne kawai, a kansa a shafa farin sukari mai kauri, a ja masa zane da cakulan kamar zanen ƙwarya. Ana samun wannan ko yaushe a shekara, amma ni a wurina zaƙi ya yi masa yawa, rabi za ki ci ya gundure ki. Na bazara shi ne magana, wanda ake jera wa 'ya'yan itace a cikin kirim. Ɗan tsaminsu shi ke karya zaƙi da maiƙo, ki ci ki ƙare ba ki nemi ruwa ba.

Sarauniyar waɗannan 'ya'yan itace ita ce sitiroberi, wadda Faransawa suke kira fraise. Ja ce wur, siffar zuciya, girmanta kamar ƙaramin goro, ƙwayoyinta a bayan fata kamar an barbaɗa riɗi. Ba itace ba ce, yaɗo take yi a ƙasa. Tana da ƙanwa da suke kira framboise, ƙarama mai taushi, kamar an harhaɗa 'yan duwatsun wuya an yi hula da su, ta kuma fi ta ƙanshi. Akwai wata kuma ƙanana jajaye kamar idon zakara, mai tsamin yakuwa, ita ado ake yi da ita a sama. A kasuwa doka ce a rubuta sunan ƙasar da kowane kaya ya fito a jikin allon kuɗinsa, matan gida kuwa suna karantawa kafin su buɗe jaka. A wurin masu tebur da yawa ba a taɓa kaya da hannu. Mai sayarwa ce za ta tambaye ki, na yau ne ko na gobe, sa'an nan ta zaɓo miki wanda nunarsa ta dace. Wannan tambaya ba ta banza ba ce, gama framboise in ta kwana biyu ta fara ruɓa.

In kin ga an rubuta Plougastel a jikin kwando, to, kuɗin ya ɗan hau. Don mu ga dalili sai mu bar Faris mu shiga jirgin ƙasa a tashar Montparnasse, mu yi yamma tafiyar awa uku da rabi ko huɗu, har ƙarshen ƙasa, garin Brest na bakin teku. Lardin sunansa Biretanyi, kada 'yan makaranta su rikita shi da Biritaniya ta Ingilishi, ko da yake asalin sunan ɗaya ne. Daga Brest gada kawai za a haye a shiga Plougastel. Ƙasa ce da ta miƙe cikin ruwa kamar harshe, teku ya kewaye ta kusan ta ko'ina. Gidajen dutse ne masu toka-toka, hanyoyi ƙanana masu kwana-kwana, iska mai gishiri, yayyafi kuwa ba ya sallama kafin ya zo. Ruwan tekun nan shi ne arzikinsu, don yana hana sanyi tsananta, saboda haka shukarsu takan riga ta sauran wurare nuna.

Labarin yadda sitiroberi ta zo nan ya isa a ba yara da dare. A da Turai ba su da irin babbar nan, sai 'yan ƙanana na daji. A 1712 aka aiki wani injiniyan soja, Amédée-François Frézier, zuwa gaɓar Cile da Peru a Amurka ta Kudu, ya leƙo asirin tashoshin jiragen ruwan Sifaniyawa. A can ya ga mutanen ƙasar suna noma wata iri mai girma, fara-fara, har takan kusa ƙaramin ƙwan kaza. Da zai komo a 1714 ya ɗauko dashe a jirgin ruwa, tafiyar wata shida, a lokacin da ruwan sha ma aune ake ba kowa, ya riƙa shayar da su. Biyar suka iso Marsai da rai. Aka rarraba, aka dasa, suka yi ganye shar, suka yi fure, amma 'ya'ya shiru. Ashe duk mata ya ɗebo. Ke da kika san gwanda da dabino kin san zancen, akwai mace akwai namiji, kuma mace ba ta haihuwa ita kaɗai. Sai da manoma suka dasa su kusa da wasu ire-iren, har da wata ja mai ƙanshi da aka kawo daga Amurka ta Arewa, sa'an nan suka fara 'ya'ya. Daga auren ta Cile da ta Arewa aka sami mai girman uwa da jan uba. Ita ce kakar kusan duk sitiroberin da ake sayarwa a kasuwannin duniya. Shi Frézier daga baya Brest aka kai shi aiki, a nan ya rasu a 1773, kuma tun wajen 1740 mutanen Plougastel suka kama noman.

Sun ci moriyarsa. A ƙarshen ƙarni na 19 har jiragen ruwa suke cikawa zuwa Ingila. Akwai gidan tarihi na sitiroberi a garin, kuma suna yi mata biki a watan Yuni. Amma wadda ta je da zaton za ta ga gonaki jajaye har bakin ruwa, za ta ɗan yi sanyin gwiwa. Yawancin noman ya koma cikin rumfunan gilashi da na leda, an ɗaga shukar sama a kan kwararo daidai ƙugu, don masu tsinka su huta da sunkuyo. Irin da ake yayi kuma, mai suna gariguette, doguwa siririya, ba ta Frézier ba ce, masana aikin gona ne suka fitar da ita a 1976 kusa da garin Avignon a kudu. Tana da daɗi, ban ƙi ba. Ta fi manyan nan da ake kawowa daga nesa tun sanyi bai fita ba, masu kyan ido, ciki fari, ɗanɗano kamar ruwa.

Saura bota, kuma ita ce uwar tafiya. In an gangara kudu daga Biretanyi ana bin gaɓar teku, za a iso yankin Charentes da Poitou. A da inabi suke nomawa. Daga wajen 1875 wani ƙaramin ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya cinye saiwar inabin, gonaki suka mutu, manoma suka shiga uku. Sai suka mai da gonakin makiyaya suka koma kiwon shanu. A 1888 wani manomi, Eugène Biraud, ya tara maƙwabtansa a ƙauyen Chaillé kusa da Surgères, suka riƙa haɗa madararsu wuri guda ana kaɗawa, a sayar a raba kuɗi gwargwadon abin da kowa ya kawo. Sauran ƙauyuka suka kwaikwaya. Botar wannan yanki ita masu kayan zaƙi suka fi so, don tana da ƙarfi, ruwanta kaɗan, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Tun 1979 doka ta tsare sunanta, ba mai iya liƙa shi a botar wani wuri. Botar Faransa ta cin burodi kashi 82 cikin ɗari mai ne, wadda ake yi musamman don ninki kuwa kashi 84. Kashi biyu kacal, amma gwani yana jin bambancin a hannunsa.

To, mu komo Faris mu leƙa bayan kanti, inda mai saye ba ya gani. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne sanyi. Waje ana gumi, ɗakin ninki kuwa an sanyaya shi, ma'aikata har da rigar sama. Teburin na dutse ne, irin farin nan mai santsi da ake shimfiɗawa a manyan masallatai, don ba ya ɗaukar zafi da wuri. Tun asuba suke farawa. Ba hira, ba gaggawa. Dalilin duk wannan abu ɗaya ne: kada bota ta narke ta shige cikin kwaɓi. Aikin gaba ɗaya shi ne a sa abu biyu su kwanta tare falle bisa falle, amma kada su gauraya. Bota tana fara sakin jiki tun kafin zafi ya kai na jikin mutum, ko tafin hannu ma ya isa ya ɓata ta. Shi ya sa ba sa yawan taɓa kwaɓin, sai da sandar murji da kan yatsu.

Ga yadda ake yi, da awon gida ɗaya. Su da sikeli suke awo, kuma in kina da shi ya fi. Fulawa giram 250, watau kusan gwangwanin madara uku. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Ruwan sanyi ƙarara mililita 125, watau gwangwani ɗaya bai cika ba. Ki tankaɗe fulawar, ki haɗa su har su kama jiki kawai, kada ki yi ta murza kamar na burodi, in ya yi danƙo zai riƙa ja da baya in an zo murzawa. Ba yis, ba bakin foda, ba sukari. Ki dunƙule, ki tsaga masa gicciye a ka da wuƙa, ki rufe ki sa a firji rabin awa ko fi. Ki ɗauko bota giram 200 mai sanyi, ki sa ta tsakanin takarda biyu ki bubbuga da sanda har ta zama fefe mai kusurwa huɗu, ta yi laushin lanƙwasuwa amma ba ta narke ba. Ana so taurinta da na kwaɓin su zo ɗaya. In ta fi shi tauri za ta kakkarye ta huda shi, in ta fi shi laushi za ta tsartso ta gefe.

Ki buɗe kwaɓin ta wajen tsagar nan ya yi kunne huɗu, ki ɗora bota a tsakiya, ki rufo kunnuwan kamar ambulan, kada a ga bota ko kaɗan. Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki murza shi gaba da baya kawai, ya yi tsawo sau uku na faɗinsa. Sai ki ninka uku kamar wasiƙa, na ƙasa ya hau tsakiya, na sama ya rufe. Wannan ninki ɗaya ke nan. Ki juya shi yadda bakin ninkin zai koma gefenki kamar littafi, ki sake murzawa ki sake ninkawa. Biyu ke nan. Ki danna yatsa biyu a kusurwa don kada ki manta lissafi, haka gwanayen suke yi, sa'an nan ki mai da shi firji ya huta awa ɗaya. Ki fito da shi ki yi biyu, ya huta. Ki sake yin biyu, ya huta. Shida cif.

'Yan makaranta, ku ɗauko allo. Bota ta shiga falle ɗaya. Ninkin farko ya mai da ita 3, na biyu 9, na uku 27, na huɗu 81, na biyar 243, na shida 729. Fallen bota 729, da fallen kwaɓi 730 suna raba su. Tun da kuwa hawa uku ake jerawa, a yanka ɗaya akwai falle fiye da 2,000. Ashe masu sunan ma rage wa kansu suka yi. Kada kuma wata ta ce bari ta ƙara na bakwai da na takwas don ta fi su. Fallayen za su yi sirantar da za su fashe su haɗe, a koma gidan jiya.

Me ke sa shi tashi ba yis? Tururi. Akwai ruwa a cikin kwaɓi, akwai kaɗan a cikin bota. In zafin tanderu ya buge su sai ruwan ya zama tururi yana neman hanyar fita, maiƙon da ke tsakani kuma ya hana fallayen mannewa, sai kowane falle ya ɗaga na samansa, ya soyu a cikin man ya bushe a haka. In an bar shi yakan kumbura ya ninka kaurinsa sau da yawa. Amma a mai falle dubu ba a son ya kumbura ƙwarai, an fi son ya yi ƙaras. Saboda haka ki murza shi siriri, milimita 2 ko 3, kamar kaurin tsabar kuɗi, ki tsattsaga shi ko'ina da cokali mai yatsu, ya huta rabin awa a firji, ki shimfiɗa a tire, ki rufe da takardar gashi, ki ɗora wani tiren a kai ya danne. Tanderu ya riga ya yi zafi, digiri 190 a awon Salsiyos, minti 25 zuwa 30. Kada ki ji tsoron launi. Fari-fari ɗanye ne a ciki, ana so ya yi ja kamar soyayyen dubulan. Sai ki ɗauke tiren sama, ki barbaɗa garin sukari mai laushi da rariya, ki ƙara wuta zuwa 220, ki tsaya a wurin kina kallo, don minti kaɗan ne tsakanin ƙyalli da ƙuna. Sukarin zai narke ya zama kamar gilashi, kuma shi ne zai tare danshin kirim na ɗan lokaci.

Kirim ɗin bai fi kunu wuya ba. Madara rabin lita a wuta, da banila don ƙanshi. A kwano ki kaɗa gwaiduwar ƙwai huɗu da sukari giram 100 da kwanfulawa giram 45. Ki tsiyaya madarar mai zafi a kai kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, kada ƙwan ya dahu ya yi gudaji. Ki mayar tukunya, ki yi ta juyawa har ya tafasa ya yi kauri, ki bar shi minti ɗaya ko biyu gārin ya dahu. Ki juye, ki manna masa leda a fuska don kada ya yi yana, ya huce sarai a firji. Don na 'ya'yan itace sukan bugi kirim ɗin madara ya yi kumfa su gauraya a ciki ya yi sauƙi a baki. Wasu kantuna sukan ɗiga barasa a cikinsa don ƙanshi, saboda haka wadda ta je can ta tambaya kafin ta saya, ba sa jin haushin tambaya.

'Ya'yan itacen, giram 300 sun isa. Ki ɗauraye su da sauri tun hancinsu na jiki, ki tsane su sarai a kan tsumma mai tsabta, sa'an nan ki cire hancin ki raba manyan biyu. Ki yanka gasasshen fallen gida uku daidai da wuƙa mai haƙora. Na farko a ƙasa, kirim a kai, ki jera 'ya'yan a cikinsa tsayi ɗaya don na sama ya zauna daram. Na biyu, haka. Na uku a rufe, gefen mai ƙyalli yana sama.

Yanzu zai yiwu a wurinmu? Zai yiwu, amma ba kowane wata ba. Wannan abu ɗan ƙasar sanyi ne. Wadda ta tashi yin sa a watan Afrilu, ana zafin nan da kwalta ke narkewa, ga wutar lantarki ta ɗauke firji ya huce, asarar bota kawai za ta yi, bota kuwa ba araha gare ta ba. Lokacinsa a nan hunturu ne, Disamba da Janairu, da sassafe, sa'ad da man kaɗanya da man shanu suke daskarewa da kansu a kwalba. Wani abin daɗi kuma, a daidai lokacin ne sitiroberi take nuna a ƙauyukan da ke kewayen Jos da Vom, inda tsawon ƙasa ya ba su sanyi. Watau abin da su can suke jira sai bazara, mu da hunturu yake zo mana, sanyin ninki da 'ya'yan itacen a wata guda. Su kuwa sai sun sayi sanyi da na'ura kafin su haɗa biyun. In babu sitiroberi, mangwaro mai nama marar zare yana yi in an same shi, ko abarba da aka yanka ƙanana aka tsane. Kankana da lemo ruwansu ya yi yawa, a bar su.

Na san wata za ta ce ga man shanu a gida, me zai kai ta kanti? Man shanunmu ya fi bota ƙanshi a tuwo da miyar kuka, ba gardama. Amma soyayye an riga an ƙone ruwansa, ba shi da tururin bayarwa, kuma ba ya shimfiɗuwa falle, tsotsewa yake yi cikin fulawa. Ɗanye na cikin ƙwarya kuma yana da tsami, ga laushi. Bota ta sanda ake nema, mai tauri, ba ta gwangwani ta shafa burodi ba. In ɗakin girkinki ya ɗumama, ki ɗora tire mai ƙanƙara a kan teburin kafin ki fara, ki goge danshin, kuma ki yi ninki ɗaya-ɗaya maimakon biyu-biyu. Ana iya yin kwaɓin yau a gasa gobe, kirim ma yana kwana a firji.

Haɗawar ce ba ta jira. A manyan gidajen abinci na Faris sai an ce ana so kana a jera shi, don daga sa'ar da kirim ya taɓa fallen ya fara jiƙa shi, bayan awa uku ko huɗu garas ɗin ya tafi, wanda ya kwana kuwa ya zama kamar jiƙaƙƙen kwali. Ki bari sai baƙi sun zauna an gaisa. Wajen rabo kada ki danna wuƙa daga sama, kirim zai fito ta gefe ya bar ki da kunya. Ki yanyanka hawan sama gunduwa-gunduwa tun kafin ki ɗora shi, sa'an nan ki bi tsagar da wuƙa mai haƙora kina ja kamar zarto. A faranti kuma Faransawa da yawa sukan kwantar da shi a gefensa kafin su sa cokali.